Akwai Aƙalla Mutum Ɗaya

Ɗiyata ta dawo hutu a bazarar shekarar da abin ya same mu, da jakar kaya ɗaya, da jakar takardu ɗaya, fuskarta ba walwala. Ba na kiran sunanta, ko a gida ko a nan. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata ta ci, shi ya sa babanta yake ce mata "Uwata". Karatun kwamfuta take yi a jami'a. Sai da ta kwana biyu sannan ta faɗa mini abin da ke cin ta: ta faɗi darasi ɗaya, wai shi lojik, sai ta sake zama jarabawarsa.

Ni iyakata sakandare, kuma Turancin da na koya ya tsufa a kaina. Amma ina son sauraro. Kullum bayan la'asar, idan inuwa ta sauko tsakar gida, sai ta shimfiɗa tabarma kusa da turken awaki ta baje takardunta, ni kuma ina gefe ina tsince wake ko ɓarar gyaɗar iri. Gidanmu a cikin garin Batsari yake, ba nisa da kasuwa. Malam, wato maigidana, hatsi yake sayarwa a kasuwar, yana kuma noma gonar gado a Karare.

Aikin da ake ba su, yadda ta bayyana mini, shi ne a rubuto jimla da Turanci, su kuma su mayar da ita alamomi, ta yadda na'ura za ta ɗauke ta ba tare da ta ce "me kake nufi?" ba. Ƙananan kalmomi uku ne suka kayar da ita, waɗanda mu muke cewa duk, da wasu, da babu. Duk tana da alamarta, A ce aka kifa ta. Wasu ma tana da tata, E ce ta juya baya tana kallon hagu. Kafin a rubuta ko ɗaya kuwa, sai an fara shata da'ira, an faɗi su wa ake magana a kansu.

Wata rana Malam ya dawo daga kasuwa da wuri, ƙurar gero a girarsa, ya tsaya a kanta yana leƙen takardar.

"Uwata, mene ne wannan? Mun tura ki ki koyo A a tsaye, kin dawo mana da ita ƙafa a sama?"

"Baba, haka take."

"To me kika yi wa malamin naku har ya kayar da ke?"

Ta nuna masa da awakinmu. Ta ce in an ce duk akuya baƙa ce, abin da ya kamata a rubuta shi ne: duk abin da ka ɗauko, idan akuya ce, to baƙa ce. Ita kuwa a jarabawa ta yar da "idan" ɗin, ta rubuta: duk abin da ka ɗauko, akuya ce, kuma baƙa.

Malam ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Wato har ni?"

"Har kai, Baba. Har Umma. Har turmi."

"Kai, jama'a! Ashe ni akuya ne a takardarki ban sani ba. Malamin nan ya yi miki sauƙi. Da ni ne, har da bulala."

Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, dariyarta ta farko tun da ta dawo.

Ni kuma na tambaye ta labarin kalmar wasu. Ta ce a wajensu ma'anarta akwai aƙalla ɗaya, kuma ɗayan ya isa. Na ce haba, in na ce miki wasu baƙi sun zo, kika leƙa kika ga mutum ɗaya, ai cewa za ki yi na ƙara gishiri. Ta ce a gida haka ne, a takarda ba haka ba ne.

"To babu fa?" in ji Malam. "Ita wace harafi aka wulaƙanta?"

Ta ce babu ba ta da harafinta. Da A ɗin nan kifaffiya ake rubuta ta: duk wanda ka ɗauko, ba shi ba ne. Shi ya sa ta fi kowacce nauyi. Mai cewa akwai, shaida ɗaya yake nema ya huta. Mai cewa babu, sai ya bi kowa da ke cikin da'irar, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba.

"Ai wannan ba wuya," in ji shi. Ya waiwayi turke. "Babu farar akuya a gidan nan. Na gama."

Ta tashi ta zagaya bayan rumbu, ta dawo rungume da 'yar akuyar da aka haifa makon da ya wuce, fara fat, wadda yake mantawa da ita kullum. Ta dire masa ita a kan ƙafa.

"Munafuka," ya ce wa akuyar. "Da ke aka haɗa baki."

Na rubuta wannan yammacin da tsawo saboda ba ni da wani irinsa bayansa.

Damina ta faɗi da kyau. Saura mako biyu da 'yan kwanaki Babbar Sallah, Malam ya tafi Karare noman farko. Ya ɗauki 'yan ƙwadago biyu, wa da ƙane, mutanen Yasore. Maƙwabcinmu mahauci ya bi shi don ya duba raguna a ƙauyen. Da hantsi mutanen daji suka fito musu a bakin gona. Suka tafi da su huɗun, suka haɗa da wani mutumin Zakka da ya tsayar da mashin ɗinsa a hanya don ya gaisa da Malam. Su biyar ke nan. Lokacin da labarin ya iso ina kwashe tuwon rana. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne ƙwayar maganinsa ta hawan jini, tana kan taga inda ya manta ta, kusa da kofin da ya sha koko.

Wan Malam, wanda nake kira Yaya, shi ya riƙe waya yana magana da mutanen dajin. Sau biyu aka ba Malam ya yi magana. Na biyun ana jibi Sallah ne, kuma abin da ya tambaya shi ne ko Uwarsa ta shirya komawa makaranta. Bayan Sallah aka ci gaba da kira, amma ba a sake ba shi wayar ba. Yaya ya roƙa, ya roƙa. Daga baya lambar ma ta daina shiga.

Ɗiyar ba ta koma ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ba za ta bar ni ba.

Tun daga nan tambayata ta zama ɗaya: akwai wanda ya gan shi da rai bayan Sallah? Ina kan sallaya wata safiya maganar ɗiyata ta dawo mini. Ɗaya ya isa. Na yago takarda daga littafinta, na zana da'ira, na yi ɗigo huɗu a ciki, mutum huɗun da aka tafi da su tare da shi. Na ninke ta na sa ƙarƙashin kwanon da nake ajiye zare da allura. Ban nuna wa kowa ba. Na san Allah ne mai rayawa da kashewa, ba takarda ba. Amma zuciya tana son abin da za ta riƙe da hannu.

A wajenmu, idan Allah Ya kuɓutar da mutum daga daji, zuwa barka ake yi. Ki ɗauki fura, ko sabulu, ko 'yar kaza, ki je ki ce barka da arziki, Allah Ya kiyaye gaba. Ba a tambayar mutum abin da ya gani, shi ma ba ya farawa. Musamman ga mace: ba wanda zai dube ki ya ɗora miki mummunan labari ba ki nema ba, sai dai a bi ta hannun maza. Amma in kin cire kunya kin tambaya kai tsaye, ba za a yi miki ƙarya ba.

Mahaucin ne ya fara dawowa, bayan wajen wata guda. Na shiga gidansu da ƙwaryar fura. Yana zaune a ƙofar ɗakin matarsa, riga tana yawo a jikinsa, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Maƙwabciya, kin gan ni? Shekara talatin ina ɗaure raguna. Bana an nuna mini yadda igiyar take."

Matarsa ta ce, "Ka ji shi. Ko tsayuwa ba ya iya yi, amma surutu na nan."

Na yi barka, na sake barka. Sannan na sunkuyar da kai na tambaya. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce a rana ta uku aka raba su biyu, shi da yaran Yasore gefe guda, Malam da mutumin Zakka gefe guda. Ana yawan sauya musu wuri, yana ta baza ido ko za a haɗa su, ba a haɗa su ba.

"Ban sake ganinsa ba, maƙwabciya. Da na gan shi da na faɗa tun kafin ki zauna."

Na dawo gida na soke ɗigo ɗaya.

'Yan Yasore suka fito bayan mako uku. Na jira ranar kasuwa, lokacin da hanya take da mutane, na bi mota. Ƙauyen ya yi shiru fiye da yadda na san shi, gidaje da yawa an kulle su da ƙaya. Uwarsu ta shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, suka fito suka durƙusa suka gaishe ni. Da na tambaya, babban ya amsa.

"Wallahi Inna, tun ran da anka raba mu ba mu ƙara sa shi a ido ba."

Na juya ga ƙaramin. "Kai fa?"

"Ai tare muke, Inna," in ji babban. "Abin da ni gani shi ya gani."

"Na ji. Bari dai ya faɗa da bakinsa."

Suka dubi juna, suka dubi uwarsu. Na san a ransu cewa suke baƙin ciki ya taɓa matar nan. Ƙaramin ya girgiza kai yana kallon ƙasa, ya ce bai gan shi ba, amma ran farko Malam ya cire takalminsa ya ba shi saboda nasa ya tsinke. Ya ce yana ta son ya mayar.

Na soke biyu a rana ɗaya.

Yaya mutum ne mai haƙuri, amma shi ke ɗauke da dangi. Ya zo ya zauna a bakin ƙofata, ya ce, "Duk wanda ya fito ya ce bai gan shi ba. Ya kamata mu fara shirya zukatanmu."

Na ce, "Ba duka suka fito ba, Yaya."

Ɗiyata tana ɗaki tana ji. Da ya tafi ta fito ta dube ni, kamar za ta yi magana, sai ta ɗauki tsintsiya.

Mutumin Zakka ya fi wata uku a can. Gero ya nuna, an fara yanka, sannan muka ji an tsince shi a bakin hanya. Ya dawo ba lafiya, ƙafafu a kumbure, kuma ba ya magana. Danginsa suka hana a shiga wurinsa. Sau biyu Yaya yana zuwa, sau biyu ana tsayar da shi a zaure, a ba shi ruwa, a ba shi haƙuri. Bayan wajen wata guda aka ce bakinsa ya fara buɗewa, amma har yanzu ba ya fitowa wajen maza.

Yaya ya ce, "Ke mace ce, ba mai hana ki shiga cikin gida. Ki je barka. Ki tambaye shi."

Muka tafi ni da ɗiyata da sassafe, ta Safana. A bakin hanya dammunan hatsi ne jingine, amma daga nesa, wajen daji, ina hango gonakin da ba wanda ya je girbinsu, tsuntsaye suna tashi suna sauka. Kaza na riƙe a cinyata, takardar tana ƙulle a bakin zanena.

Tsohuwarsa ce ta tarbe mu. Ta kai mu rumfar da yake kwance, ta durƙusa kusa da kunnensa ta ce, "Matar mai hatsi ce, na Batsari. Ga ɗiyatai nan."

Ya yunƙura ya zauna, ko da yake ta ce ya kwanta. Ya dube ni, ya dubi ɗiyar ya daɗe.

"Ke ce Uwatai," ya ce mata. "Kullum sai ya yi zancenki."

Na yi barka. Ya amsa. Na ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya ce amin. Sannan ya ce, "Shi ka ja muna salla." Ya ɗora hannayensa biyu a gwiwa, ya zuba mini ido yana jira. Tsohuwar ta daina fifita. Kowa a rumfar nan ya san abin da ya kawo ni, ya san kuma mutumin ba zai fara ba sai na buɗe masa ƙofa. Na ga tsohuwar ta matso kusa da ni, irin matsowar da ake yi don a tare mutum in zai faɗi.

Sai na ji bakina yana tambayar yadda gero ya yi bana a wajensu.

Tsohuwar ta amsa, a hankali. Na tambayi maganin da ake sa masa a ƙafa. Na ce a dafa masa kazar da citta. Sannan na ce bari mu kama hanya, ba a son la'asar ta riske mutum a wannan titin. Ko azahar ba a kira ba. Ba wanda ya tsayar da ni. Ina gyara mayafi na ji ya ce, "Baiwar Allah," na yi kamar ban ji ba.

Muka iso gida. Da na kwance takardar ina mayar da ita ƙarƙashin kwano sai ɗiyata ta riƙe hannuna. Ta buɗe, ta ga da'irar, ta ga ɗigo uku a soke, ɗaya a tsaye. Nan take ta gane.

"Umma, me ya sa ba ki tambaye shi ba?"

"Ke kika ce ba a cewa babu sai an bi kowa. Ban bi kowa ba."

Ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Umma, wannan a kan abin da za mu iya faɗa ne kawai. Farar akuyar nan tana bayan rumbu tun kafin in je in duba. Da ba ta nan, to ba ta nan, ko na duba ko ban duba ba." Tana faɗa tana kuka, tana cewa da ta sani da ba ta koya mini ba.

Na ce na sani. Kuma na sani ɗin, tun a rumfar.

Da Yaya ya zo ya ce me mutumin ya ce, na kasa yi masa ƙarya. Na ce ban tambaye shi ba. Ya daɗe yana kallona, bai yi faɗa ba. Ya ce an ce mutumin ya kusa fara fita masallaci, Juma'ar sama zai je ya same shi a can.

Kwanakin da suka rage na wanke rigunan Malam duka, har waɗanda ba su yi datti ba. Na goge takalminsa na zuwa Juma'a. Na ci gaba da zuba tuwonsa a kwanonsa, in rufe, da safe in ɗumama wa 'ya'yan maƙwabta. A cikin waɗannan kwanaki ni matar aure ce, kuma ba wanda ya isa ya ce mini ba haka ba.

Ranar Juma'ar Yaya ya dawo kafin magariba. Bai shigo ba. Ya tsaya a ƙofar zaure ya kira ɗiyar, ya ce ta fito da tabarmi, duka.

Yadda mutumin Zakka ya faɗa wa Yaya, kwana biyu bayan Sallah ne, da hantsi. Malam ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta, bai tashi ba. Mutumin Zakka da wani da ke tsare tare da su suka roƙa aka bar su suka yi masa salla, suka rufe shi a gindin wata bishiya da shi kansa ba zai iya komawa wurinta ba.

Washegari liman ya aiko a faɗa mini hukuncin takaba. Daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ko mace ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu sun riga sun cika. Kwana tara ya rage mini. Ya ce fitar da na yi zuwa Yasore da Zakka ba laifi a kaina, tunda ban sani ba. Na zauna a ɗaki kwana taran nan ina tunanin matar da ta yi ta hawa mota da fura da kaza tana neman mutum ɗaya, alhali tun ranar da muke soya naman Sallah ba ta da miji.

Gonar Karare ba a sake nomanta ba, ba mai yarda ya je. Lokacin jarabawar ya zo ya wuce. Na ce wa ɗiyar ta koma, Yaya ma ya ce, takan ce to, sai kuma wani zangon ya wuce. Jakar takardun tana saman kabad, ƙura ta rufe ta. Farar akuyar ta girma har ta haihu, kuma har yanzu bayan rumbu take kwanciya.

Takardar tana nan ƙarƙashin kwanon zare. Duk lokacin da na ɗauki allura sai na gan ta. Na san amsar ɗigo na huɗu, na yi takaba a kanta, na karɓi gaisuwa a kanta. Sau da yawa na ɗauki biro in soke shi, sai in ajiye. Ni dai har yau ban tambaye shi ba.